Kwanciyar Aro a Asibitin Gayya

Ana cikin wanke wa Gwaggo 'Yardada ƙafa masu fenti suka faɗo ɗakin mata, babu ko sallama. Na gaba da tsani a kafaɗa, na bayansa da bokitai. Suka tsaya a tsakiyar ɗakin suna kallon rufi, suna nuna wa juna inda ruwan damina ya bi bango ya bar baƙin zane, kamar babu mai rai a kan gadajen.

Sa'ida ta yi maza ta ware mayafinta ta kare ƙafar gwaggonta. Gyambon ciwon suga ne, ya faro daga babban yatsa tun bayan babbar salla, yanzu ya ci rabin tafin ƙafa. Wanda bai saba ba, warin kaɗai ya isa ya mai da shi baya. Ɗaya daga cikin samarin ya ja wuyan rigarsa ya toshe hanci.

"Kai mai tsani," in ji Gwaggo daga kwance, "ɗakin uwarka ma haka kake shiga?"

"Yi haƙuri, Iya. Aiki aka turo mu."

"Aikin ne ya cinye maka sallamar? Koma ka shigo kamar ɗan Musulmi."

Ya koma kuwa, da tsaninsa, ya yi sallama. Matan ɗakin suka amsa suna dariya ƙasa-ƙasa. Sista Asibi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ita ce babbar nas ɗin asibitin, a cikinsa furfura ta same ta. Ta gama naɗe bandejin, ta wanke hannu a roba, ta daɗe tana goge shi da tawul fiye da yadda ta saba, sannan ta juyo.

"Jama'a, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. An ce a sallami kowa yau kafin azahar. Fenti za a yi. Ranar Asabar manya za su zo buɗe asibiti."

"Buɗewa?" Gwaggo ta ɗago kai. "Yaushe aka rufe shi ban sani ba, ga ni kwance a ciki?"

Sista ta ɗauki farantin almakashinta ta fita.

Sa'ida ba mai magana ba ce. Ko a gida, idan baƙo ya yi sallama, gara ta shige ɗaki ta bar Gwaggo da shi. Amma a ranar ta bi Sista har baranda, tana murza gefen mayafi. Likitan da ke zuwa daga babban asibiti duk Litinin ya faɗa mata a fili, a gaban Sistar: maganin da ake zubawa cikin ƙarin ruwa, safe da yamma, kada a kuskura a tsallake shi. Idan baƙin da ke ƙafar ya haura idon sawu, babu sauran dabara sai yankewa.

"Sista, ruwan fa?"

"Na sani, Sa'ida."

"Likita ya ce…"

"Ina nan ya faɗa. Ni ma na faɗa wa Kansila Isiyaku, ya ce 'yan kwanaki kaɗan ba za su kashe kowa ba. Ya kulle sito ya tafi da makullin, wai za a jera sababbin magunguna. Idan na tashi aiki zan riƙa biyowa gida in wanke mata. Ruwa kuwa ba ni da ko leda ɗaya a hannuna."

"To gadon? Idan an gama bikin kowa zai rugo."

"Ke da kika tashi a unguwar nan? Shimfiɗa zanenki a kai."

* * *

Asibitin Gayya ba gwamnati ce ta gina shi ba. A shekarar da sanƙarau ya shiga unguwannin gindin Goron Dutse, jim kaɗan bayan tafiyar Turawa, mutum sai ya saɓi ɗansa a kafaɗa ya nufi asibitin birni, a hanya ya ji jikin yaron ya saki. Da abin ya lafa, dattawan unguwa suka zauna a ƙofar masallaci suka ce ba za a sake ba. Malam Ilu, baduku a Kasuwar Kurmi, ya ba da kangon da mahaifinsa ya bar masa. Maza suka kwaɓa ƙasa suka buga tubali, mata suka yi ta jido ruwa daga kududdufi. 'Yardada a lokacin amaryar Malam Ilu ce, lallen biki bai gama barin hannunta ba, amma ta fito da tulunta. Har yau idan ta so ba da labarin sai ta kama hannun mutum ta ɗora a tsakiyar kanta, ya ji inda gammo ya cinye gashi.

Gadaje kuma 'yan kasuwa suka saya, kowace sana'a da nata: na marina, na mahauta, na 'yan koli, na masaƙa, na dukawa. Wani maƙeri ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya buga sunan sana'ar a ƙarfen wajen kai. Na dukawa shi ne a gindin taga, kuma a kansa Gwaggo take kwance.

Daga baya ne hukumomi suka riƙa zuwa. En'e ta kafa allo da sunanta. Soja suka cire, suka kafa nasu. Farar hular farko da suka karɓa daga hannun soja suka haƙa harsashin ɗakin haihuwa, aka yi kiɗa aka yanka sa, kafin ginin ya kai linta soja suka dawo. Awakin unguwa ke kwana a cikinsa har yanzu. Duk wanda ya zo sai ya yi fenti. Idan ka kankare bangon da farce za ka ga launin kowace gwamnati kwance a ƙarƙashin na 'yar'uwarta. Mutanen unguwa dai ba su taɓa kiransa da wani suna ba ban da Asibitin Gayya.

Abu ɗaya ne babu gwamnatin da ta taɓa: kamun gado. Gadajen ba su da yawa, marasa lafiya kuma ba sa ƙarewa. Saboda haka tun zamanin dattawan farko, idan mara lafiya zai je gida wanka, ko suna, ko gaisuwar mutuwa, sai a shimfiɗa zanensa a kan gadon. Gadon da ke da zane ba a taɓa shi, ko da mai naƙuda ce a ƙasa. Wanda ya fi zane ƙarfi shi ne mutum: idan ɗan'uwa ya zauna a kai, ko mai unguwa ba zai ce ya tashi ba.

Sa'ida ta zaro zanen da ta fi so daga ƙullin kayansu, ta shimfiɗa a kan gadon dukawa, ta cusa gefunansa ƙarƙashin katifa. Yayanta Sule ya bar rumfarsa ta jaka da takalmi a Kurmi, ya aro kurar masu dako, aka shimfiɗa bargo a ciki aka ɗora Gwaggo. Ita ce ta riƙe su tun suna ƙanana bayan rasuwar iyayensu, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ana tura ta cikin lungu tana amsa gaisuwar mutane kamar wadda ta dawo daga Makka.

"An sallame ki, Gwaggo? Sauƙi ya samu?"

"Bangon ne ba shi da lafiya, ɗan nan. An ce mu ba shi wuri a yi masa magani."

* * *

Wunin farko a gida Gwaggo ta yi shi da barkwancinta. Washegari ta daina. Zazzaɓi ya dawo, tana rawar ɗari cikin bargo biyu alhali ana zufa. Kunun da Sa'ida ta dama mata ya huce a kwano har ya yi fata. Sista Asibi ta biyo da yamma kamar yadda ta yi alkawari, ta kwance bandejin, ta daɗe tana kallo. Sa'ida ba ƙafar take kallo ba, fuskar Sista take kallo.

"Ya matsa?"

"Ya ɗan matsa. Amma da sauran wuri."

"Ko mu gwada babban asibiti?"

"Sule ya je jiya ai. Me suka ce masa?"

"Wai babu gado. Mutane har a baranda."

"To ki yi ta addu'a Asabar ta yi. Ana watsewa zan karɓi makullin in ɗaura mata, ko da babu wanda na ɗaura wa sai ita."

Ranar Juma'a da hantsi Sa'ida ta zagaya asibitin don ta ga zanenta. Daga nesa ta ga bangon ya yi fari fat, da ratsin kore a ƙasa. An share ƙofa, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Harsashin ɗakin haihuwar nan an kewaye shi da kwano don kada a gani. Maigadi ya hana ta shiga. A gindin bishiyar darbejiya ta ga tarin tsummoki, ruwan daren jiya ya jiƙa su. Ta sa hannu ta tona. Zanenta yana ciki, da ɗigon fenti a jiki, tare da na sauran matan ɗakin.

Ta tsaya riƙe da shi yana ɗiga. A iya saninta ba a taɓa cire zane daga kan gado a asibitin nan ba. Idan zane bai tsare ba, gobe da yamma duk wanda ya riga isa shi ke da gado, kuma ita da mai ciwon da sai an turo a kura ba za su riga kowa ba.

Tana komawa gida ta tarar da Hajiya Hafsat a tsakar gidansu, zaune a kan turmi, ta tara matan gidan. Ita ce shugabar matan jam'iyya a mazaɓar, mace mai jiki da zobba, muryarta tana riga ta shiga gida.

"Abin ba wuya," take cewa. "Manya ba za su zo su ga ɗaki wayam ba, 'yan talabijin ma me za su ɗauka? Mata muke so masu tsafta, su ɗan kwanta na awa biyu. A tambaye ki yaya jiki, ki ce da sauƙi, mun gode wa gwamnati. Shi ke nan. Ki tashi ki karɓi turmin atamfarki da sabulu."

"To ga marasa lafiyar gaske an kora gida," in ji wata. "A dawo da su mana."

"Haba, ke kuwa. Babban baƙo ya shigo ya tarar da mai amai, ko mai…" ta waiga wajen ɗakin Gwaggo, ta rage murya, "ko abin da zai sa ya toshe hanci a gaban kyamara? So kike a ce unguwarmu ƙazamai ne?"

Sa'ida tana raɓe a bakin rijiya da jiƙaƙƙen zanenta. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Hajiya, zan kwanta."

Matan suka juyo gaba ɗaya. Hajiya Hafsat ta tafa hannu.

"Yau ga abin mamaki, kurma ta yi magana. Ashe atamfa na buɗe baki."

"Ba na son atamfar. Gadon gindin taga nake so, a ɗakin mata."

"In dai taga ce, har da labulenta na ba ki."

Da ta shiga ɗaki ta tarar idon Gwaggo biyu. Ta ji komai.

"Mai lafiya ba ya kwanciya a gadon asibiti, 'yar nan. Kiran ciwo ne. Mu da muka sayo su ko zama ba mu yi a kai ba sai da lalura."

"Kama miki zan yi, Gwaggo. Sun zubar da zannuwan. Amma mutum ai ba za su zubar da shi ba."

Gwaggo tana ta numfashi sama-sama. Can ta ce, "To ki yi bisimilla kafin ki hau. Kuma kada ki rufe ido."

* * *

Asabar ta waye da kalangu. Tun da sassafe aka kafa rumfuna a ƙofar asibitin, lasifika na ta gwaji, samarin jam'iyya sanye da riguna masu hoton Kansila suna kora awaki da yara. An shigar da matan ta ƙofar baya.

Sa'ida ta tsaya a bakin ɗakin mata ta kasa shiga. Ba ta gane shi ba. Tsofaffin gadajen nan masu tsatsa da ƙara babu ko ɗaya. A madadinsu sababbi ne fil, farare, masu ƙafar taya, katifunsu ko ledar ba a cire ba. Kowane gado da ƙarfen rataye ruwa yana ƙyalli a gefensa, da 'yar durowa, da fanka a sama tana juyawa, ga ƙarar janareta daga waje. Wani daɗi ya ratsa ta wanda rabonta da shi tun kafin ciwon nan. Ashe dai da gaske suke. Yau Gwaggo za ta kwana a katifar da ba ta lotsa ba.

Ta tambayi wani mai jera fulawar roba ina tsofaffin gadajen.

"An kai gyara," ya ce, bai ko dube ta ba.

Ta yi bisimilla ta hau na gindin taga. Wata yarinya cikin fararen kaya, wadda ba ta taɓa gani a asibitin ba, ta zo ta manna mata siririyar robar ƙarin ruwa a bayan hannu da filasta, babu allura, ta rataye ledar a ƙarfe. Sa'ida ta kafa wa ledar ido. Cike take, irin wadda Gwaggo ke buƙata, an toshe bakinta don kada ta zuba.

Sauran matan sai raha suke yi. Wata mai tuyar awara da ke gadon kusa da ita ta ce, "Ni ciwon me zan ce ina yi ne? Kada a tambaye ni in ce ƙosai." Aka kwashe da dariya. Hajiya Hafsat ta leƙo ta ce a goge jan baki, a daina taunar cingam, mara lafiya ba ya ƙyalƙyala dariya. Sista Asibi tana tsaye a lungu, an ba ta sabuwar hula, hannayenta a baya.

Ta taga Sa'ida take jin jawabai. Kansila Isiyaku ya ce shekarun mulkin soja sun bar wannan wuri kufai, mazaunin jemagu, babu mai shigarsa. Ya ce yau mulki ya dawo hannun jama'a, ga ribarsa tun ba a je ko'ina ba. Ya faɗi sabon sunan asibitin, wani dogon suna da ta kasa riƙewa. Bai ambaci Malam Ilu ba, bai ambaci tubali ko tulu ba. Maroƙa suka ɗauka, aka yi guɗa.

Sai ga su sun shigo, manyan riguna na shara, turare ya danne warin fenti. Babban baƙon dogo ne mai farin gilashi, fuskarsa ba ta mugunta ba ce. Yana bin gadajen yana ɗan sunkuyawa, mai kyamara na ja da baya a gabansa. Tun yana gado na farko Sa'ida take shirya maganar a ranta. Ga wanda zai iya cewa a buɗe sito yanzu-yanzu. Kalma kaɗan ce: ni lafiyata ƙalau, mai ciwon tana gida, ƙafarta za a yanke. Ta maimaita, ta sake maimaitawa.

"Sannu, Malama. Yaya jikin?"

Fitilar kyamara ta haske mata ido. Mutum fiye da ashirin suna kallonta, maza, manya.

"Ranka ya daɗe… gwaggona…"

"Gwaggonta ma tana gaisuwa, ranka ya daɗe," Hajiya Hafsat ta cafe daga bayansa, tana murmushi. "Duk gidansu namu ne. Kunya gare ta, ga jiki babu ƙarfi."

"Allah sarki. Allah ya ƙara sauƙi." Ya ajiye mata gwangwanin madara a gefen filo, ya wuce gado na gaba.

Sa'ida ta juya fuska wajen bango. Ta ce wa ranta ba komai, ba don magana ta zo ba. Gadon ta zo kamawa, kuma ga ta a kansa.

* * *

Kafin la'asar wuri ya watse. Matan suka ɓalle filastocinsu, suka bi Hajiya Hafsat karɓar atamfa. Mai awara ta taɓa ƙafar Sa'ida.

"Ke ba ki warke ba? Mu dai mun samu sauƙi."

"Gwaggo nake jira. Yaya Sule zai kawo ta."

Ɗakin ya rage ita kaɗai. Janareta ya mutu, fankokin suka yi ta rage gudu har suka tsaya. Tana jin ana kwance rumfuna, ana jifa da kujeru cikin mota. Sai ta ji wata babbar mota ta yo baya-baya har bakin baranda.

Ƙarti huɗu suka shigo, da wani mai hular kwano yana ba su umarni. Suka fara daga bakin ƙofa. A naɗe zanen gado, a ɗaga katifa, a turo gadon waje a kan tayoyinsa. Wani yana bi yana tattara ƙarafan rataye ruwa a kafaɗa kamar mai ɗaukar rake. Wani ya hau tsani yana kwance fanka.

Sa'ida ta tashi zaune, ta riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu.

"Malama, a taimaka a sauka," in ji mai hular kwano da suka iso kanta.

"Da mutum a kai."

"Na gani ai. Shi ya sa na ce a sauka."

"An kama shi. Mai shi tana hanya."

Ya dubi yaransa, suka dube shi. "Wa ya kama? Baiwar Allah, kayan nan na haya ne. Gobe da safe akwai wani buɗe asibitin a wata ƙaramar hukuma, can za su kwana. Har ledar ruwan nan da ke kanki a lissafe take."

"To ku dawo da namu. Na da. An ce an kai gyara."

Ɗaya daga cikin ƙartin ya yi dariya. "Waɗannan ruɓaɓɓun? Tun ranar Alhamis 'yan gwangwan suka auna su. Yanzu haka an sare su."

Ba ta saki ƙarfen ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ta dai ƙanƙame. A unguwar nan ba a taɓa tayar da mutum daga gadon da ya kama ba, kuma jira take wani ya shigo ya faɗa musu haka. Ta taga ta hango Kansila Isiyaku zai shiga mota, Sista Asibi ta tare shi tana magana da hannu. Iska ta kawo mata guntun amsarsa: na dindindin suna hanya, an riga an yi oda, a ƙara haƙuri, ba a gyara ɓarnar shekaru a wuni ɗaya. Ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa mata ta gilashi, motar ta ja.

Sista ta shigo a hankali. Ta cire sabuwar hular ta riƙe a hannu.

"Sista, faɗa musu. Faɗa musu da mutum a kai."

"Waɗannan ba 'yan unguwa ba ne, Sa'ida. Ba su san wannan ba." Ta dafa hannunta, ta shiga ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Sauko. Kada su ɗaga ki da shi, maza ne. Na karɓo makullin. Tsofaffin ledojinmu suna nan a sito, su ba na haya ba ne."

Sa'ida ta sauko. Aka ɓalle robar daga hannunta, aka tura gadon. Mai hular kwano ya ɗauki gwangwanin madarar da ya faɗo, ya juya shi, ya miƙa mata.

"Wannan naki ne."

Motar na fita, kurar Sule na shigowa, sai da ya raɓe jikin bango ya ba ta hanya. Ya yi gumi sharkaf. Shi da maigadi suka kamo Gwaggo a cikin bargo, suka shigo da ita, suka tsaya a tsakiyar ɗakin suna neman inda za su ajiye ta. Babu komai sai farin bango da siminti.

Gwaggo ta buɗe ido da ƙyar, ta bi ɗakin da kallo.

"Ina ne nan?"

"Asibiti ne, Gwaggo," in ji Sule.

"Wanne?"

Maigadi ya kawo tabarmar sallarsa aka shimfiɗa a gindin taga. Sista ta ɗauko ledar ruwa da magani daga sito, ta durƙusa ta kwance bandejin. Wannan karon Sa'ida ƙafar ta kalla. Baƙin ya iso daidai ƙashin idon sawu, ya tsaya a kansa, kamar ruwan da ya cika kwano bai zuba ba tukuna.

"Sista?"

"Ban sani ba. Litinin likita zai faɗa. Miƙo mini hannunta."

Ta sami jijiya da ƙyar, ta zuba maganin a ledar, ta ɗaga ta sama, sannan ta waiga neman inda za ta rataye. Tagar ta yi ƙasa, ruwan ba zai sauka daga nan ba. Sule ya fita da sauri, ya dawo da ƙusa da ya zaro daga jikin kura, da dutse a hannu. Ya kafa ƙusar a bango, ya ɗaga dutsen.

"A'a, Malam Sule, don Allah," maigadi ya riƙe masa hannu. "Ɗan kwangila bai miƙa aiki ba. Ya ce ko ƙwarzane aka samu a bangon nan, a bakin aikina. Ina da iyali."

Sule ya dubi dattijon, ya dubi bangon. Sannan ya sauke dutsen.

Sa'ida ta karɓi ledar daga hannun Sista. Ta gyara tsayuwa a kan gwaggonta, ta ɗaga hannu sama iyakar tsawonsa. Ruwan ya fara ɗiga, ɗaya, sai an jima wani ɗaya.

"Zai kai isha kafin ya ƙare," in ji Sista. "Idan kin gaji ku yi canji da Sule. Kada dai ya yi ƙasa, jini zai biyo robar."

A masallacin unguwa aka kira la'asar. Sule ya ce bari ya yi salla ya dawo ya karɓe ta. Sista ta tafi neman tabarmi, don an fara jin muryoyi a ƙofa, sauran waɗanda aka sallama suna dawowa da ƙullin kayansu. Kafaɗar Sa'ida ta fara zafi, sannan ta fara rawa. Ta tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun.

"'Yar nan," Gwaggo ta ce, idonta a rufe.

"Na'am, Gwaggo."

"Ɗaga sama kaɗan. Ba na jin yana shiga."

Sa'ida ta yi ɗage a kan yatsun ƙafarta.